Me ya sa a katun da an zana tsoho sai an manna masa kare?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masu bin fina-finan katun. Na lura Turawa da wuya su zana tsoho ko tsohuwa su bar shi haka nan, sai sun haɗa shi da kare. Ku duba Up na kamfanin Pixar da ya fito a 2009. Dattijo Carl Fredricksen, shekara 78, matarsa Ellie ta rasu, Allah bai ba su haihuwa ba, ya ɗaura wa gidansa dubban balan-balan ya tashi da shi sama sai Kudancin Amurka. To yaro Russell yana tare da shi, ga kuma tsuntsun nan mai dogayen ƙafafu da suka sa wa Kevin. Labari ai ya cika. Mene ne amfanin karen nan Dug? Ni dai a ganina an cusa shi ne don yara su yi dariya, kamfani ya sayar da 'yan tsana. Mai wata fahimta ya zo mu ƙaru.

Maman Khalifa:
Wa alaikumus salam. Ai yarana Dug ɗin kawai suke kallo. Da zarar ya yanke magana ya waiga yana neman kurege sai su kwashe da dariya har da faɗuwa. Ni kuwa farkon fim ɗin ne ba na iya kallo ido a bushe, wurin nan na minti huɗu da 'yan kai da aka nuna aurensu tun daga ranar biki har jana'iza ba tare da kowa ya ce uffan ba, kiɗa kawai.

Mai Zane:
Ɗan Zazzau, da girmamawa, ka sake kallonsa. Cire Dug ka ga abin da zai rage. Russell ya maƙale wa Carl ne don yana neman lamba. Saura masa ɗaya, ta taimakon tsofaffi, a ƙungiyarsu ta 'yan sikawut. Masu gini gidan Carl suke so. Kotu so take ta kai shi gidan kula da tsofaffi, bayan ya rotse kan wani ma'aikaci da sandarsa saboda akwatin wasiƙa. Kowa da buƙatarsa a wurin tsohon nan. Dug kaɗai ne ya gan shi ya ce yana son sa, ba gaira ba dalili, a haɗuwar farko. Kuma Carl bai karɓa ba. Korarsa ya yi ta yi. Da al'amura suka caɓe, mugun fim ɗin, Muntz, ya cinna wuta a ƙarƙashin gidan aka kama Kevin, a kan wa Carl ya sauke haushi? A kan karen. Ya ce masa shi ba ubangidansa ba ne, ya kira shi mugun kare. Dug ya sunkuyar da kai ya tafi. Sai daga baya, bayan Carl ya watsar da kujeru da kayan gidan don gidan ya yi sauƙi ya tashi, ya ji ana ƙwanƙwasa ƙofa alhali yana sararin sama. Ashe Dug ɓuya ya yi a ƙarƙashin dandamalin ƙofar gidan, bai je ko'ina ba. A nan ne Carl ya amsa da bakinsa cewa shi ne ubangidansa. Idan kana son ka san lokacin da zuciyar tsohon ta sauko, wannan wurin za ka duba, ba wurin yaron ba.

Ɗan Zazzau:
To ai ni abin da nake faɗa ke nan ta wata hanya. Soyayyar da ba dalili, ta katun ce. Kare mai magana da na'ura a wuya, ya ganka yau ya ce yana son ka. Arha ce wannan, Mai Zane. Marubuci ya rasa yadda zai narkar da tsoho, sai ya ɗauko abin da ya san Bature ba ya iya ƙi.

Mai Zane:
Da haka ne da tsoho ɗaya suka zana. Biyu ne fa. Charles Muntz ma tsoho ne, har ya girmi Carl nesa ba kusa ba, tunda Carl yana yaro ƙarami yake kallonsa a majigi yana sha'awarsa. Shi kuma karnuka gare shi garke guda, shi ya ƙera musu abin wuyan da suke magana da shi. Su ke dafa masa abinci, su ke zuba masa abin sha, su ke share masa jirgi, har tuƙa ƙananan jirage suke yi. Amma ka taɓa ganin ya shafa kan ɗaya? Shekaru da dama yana cikin daji da su yana farautar tsuntsu guda don ya wanke sunansa, kuma kaɗaicinsa ya fi na Carl muni. Karnukan Muntz tamkar 'yan bangar siyasa suke: akwai oga, akwai mataimaki, wanda ya yi laifi a ƙaƙaba masa mazurarin nan a wuya kowa ya yi masa dariya. Dug kuwa shi ne na ƙarshe a cikinsu, wanda aka aika neman abin da ake zaton ba zai samo ba don dai a rabu da shi. Wato wanda garkensu ya raina ne ya haɗu da wanda garinsu ya gaji da shi. Kana ganin wannan don sayar da 'yar tsana aka tsara shi?

Bazamfare:
Ku dakata hakanan. Ku duka kun tsaya ga fim guda. Wa ya tuna Courage da muka kalla ga Cartoon Network muna yara? Karen nan mai launin hoda, matsoraci, da ke zaune da tsofaffi biyu cikin wani gida tsakiyar fili ba kowa ba komi, wurin ma sunansa Nowhere, cikin jihar Kansas. Daga 1999 zuwa 2002 aka yi shi, kashi 52. Tsohuwa Muriel ita ta tsince shi yana ɗan kwikwiyo an yar, tana ɗora shi bisa cinya tana lilo ga kujera. Mijinta Eustace ko ba ya da aiki sai zaginai da tsoratar da shi da wata koriyar fuskar dodo, ita kuma ta kwaɗa mai sandar murza fulawa ga kai. Abin da ni ban manta ba: Courage yana rawar jiki, haƙora na kaɗawa, amma in dodo ya ɗauke Muriel sai ya bi. Har Eustace ɗin da ke zaginai yakan ceto wani lokaci. To wanga fa, Ɗan Zazzau, shi ma tsana aka so saidawa?

Maman Khalifa:
Kai Bazamfare ka tuno min da nisa. Wannan katun ɗin ai ba na yara ba ne, na tsoro ne aka yi masa kwalliya. Ƙanena sai da ya daina fita fitsari da daddare.

Ɗan Zazzau:
Courage na yarda ya fi Dug, don shi yana da abin da zai rasa. Amma ku lura da abu ɗaya a duka biyun: ba 'ya'ya, ba jikoki, ba maƙwabta. Shi ya sa nake ganin wannan labarin nasu ne can. Sun kai iyayensu gidan gajiyayyu, sun bar su da karnuka, sannan suka dawo suna yin fim suna kuka. A nan wane tsoho ne zai rasa mai miƙa masa buta har ya koma hira da kare?

'Yar Kurmi a Ingila:
Yaya Ɗan Zazzau, ni a irin gidan da kake magana nake aiki, bari in faɗi abin da idona ya gani. Gaskiya ne kaɗaici ya yi musu katutu, har gwamnatin Birtaniya ta naɗa minista mai kula da matsalar kaɗaici a farkon 2018, Japan ma ta yi haka a 2021. Amma ba duka ne 'ya'yansu suka yasar ba. Wasu 'ya'yan suna zuwa duk ƙarshen mako da furanni da kek. Abin da ke cin tsofaffin nan ba rashin mai kula da su ba ne, mu ga mu nan muna yi musu wanka muna ba su magani a kan lokaci. Abin da suka rasa shi ne wanda su za su kula da shi. Akwai wata tsohuwa da aka kawo mana, dole ta bar karenta wurin 'yarta don ba a yarda da dabba a ɗakunanmu ba. Duk ƙarfe bakwai na safe sai ta farka a firgice tana laluben silifas, wai lokacin fitar da shi ya yi. Sai ta tuna, ta koma ta zauna a bakin gado. Ta ce min lokacin da yake wurinta ko ciwon gwiwa ya hana ta barci dole ta tashi, don akwai mai jiranta a bakin ƙofa. Yanzu kuwa in ta kwana har azahar ba wanda zai rasa komai. To wannan ne na gani a Carl. Kafin Dug da Russell, safiyarsa me ce? Ya sauko a kujerar nan mai lantarki da ke bin matakala, ya ci abinci shi kaɗai, ya goge ƙura, ya buɗe makullai ya fito ya zauna a ƙofar gida. Shi ke nan.

Hajiya Babba:
'Yar nan Allah Ya yi miki albarka, kin faɗi magana. Ni na haura sittin, jikoki sun cika min gida, amma ranar da surukata ta ce Hajiya ki huta mun ɗauke miki girki da komai, ranar na ji tsufa ya zo. Ɗana Ɗan Zazzau, kada ka yi saurin cewa nasu ne can. Je ka unguwannin da samari suka tafi Legas da Abuja da Libiya neman kuɗi ka ga tsofaffin da aka bari. Kuɗi na shigowa ta waya, amma ba mai cewa Inna ina kika ajiye kaza. Maƙwabciyata akuya gare ta, da ita take hira tun safe, tana yi mata faɗa tana ba ta ƙanzo.

Bazamfare:
Hajiya sai dai akuya da sallah ta matso an kai ta kasuwa. Sabo da kaza ba ya hana yanka. Kare ko ba a cin shi ba a saida shi wurinmu, in ka aje shi to don kansa ka aje ko don aiki. Ina ga shi ya sa masu fim suka fi son shi.

Hajiya Babba:
Ai fa ta sayar da ita bara, ta yi sati ba ta da walwala. Yanzu 'yarta take kiwo.

Abu Ammar:
Jama'a a yi hattara. Muna ta yabon kare kamar ba mu san hukuncinsa ba. Irin waɗannan fina-finai su ke sa yara su tashi suna ganin kwana da kare a gado wayewa ce. Kare najasa ne, kuma mala'iku ba sa shiga gidan da yake ciki.

Malam Na Zaure:
Abu Ammar, Allah Ya saka da alheri da tunatarwa, amma a bambance. Hadisin mala'iku ingantacce ne, haka ma wanda ya ce duk wanda ya riƙi kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba, ana rage masa lada ƙiraɗi ɗaya, a wata ruwaya biyu, kowace rana. Waɗannan suna cikin Bukhari da Muslim. Amma batun najasa saɓani ne. A mazhabar Imamu Malik, wadda ita muka tashi a kai a ƙasar nan, kare mai rai tsarkakakke ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai idan ya yi lallagi a ciki bin umarni ne, ba don najasa ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya su ne suka ce najasa ne. Ana ma hakaitowa a sharhohin Risala cewa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa don tsaro lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka ce masa Malik ya karhanta, sai ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Sannan kada mu manta da mutumin da aka gafarta wa don ya sauka rijiya ya cika huffinsa da ruwa ya shayar da kare mai lallagen ƙasa don ƙishi, da karen Ashabul Kahfi da Alƙur'ani ya ambata yana shimfiɗe da zira'insa a bakin kogo. Ban ce a kai kare gado ba. Na ce ƙin ajiye shi a ɗaki daban, jifansa da zaluntarsa daban. Yaran unguwarmu da ke bin kwikwiyo da duwatsu ba hadisi suke bi ba.

Abu Ammar:
Allah gafarta Malam, na karɓi bayanin mazhaba. Amma ina nan a kan cewa iyaye su zauna da yara in suna kallo su yi musu bayani.

Malam Na Zaure:
Wannan kam ba gardama.

Jikan Mafarauci:
Ni abin da ke ba ni mamaki shi ne masu cewa tsoho da kare ba namu ba ne. Kakana maharbi ne, a ƙauye ya rayu ya mutu. Yana da wani baƙin kare, Duna. Ba ya shiga ɗaki, ko tabarmar salla ba ya kusanta, ya san iyakarsa. Ban taɓa ganin Kaka ya rungume shi ba, abin da na sani in ya zo wucewa yakan ɗan sa ƙafa ya taɓa masa haƙarƙari, shi kuma ya kaɗa jela ba tare da ya ɗaga kai ba. Da ƙafa ta gaza Kaka ya daina fita daji, samari suka zo aron Duna za su farauta. Ya bi su har bakin gari ya juyo. Sau biyu ana haka suka haƙura. Sai ya koma kwanciya a bakin zaure inda Kaka ke shan hantsi, su biyu ba mai ce wa wani komai. Amma duk daren duniya in aka kawo tuwo, kafin Kaka ya wanke hannu sai ya tambaya an zuba wa Duna? In aka ce tukuna, sai ya gutsuri nasa ya ce a kai masa kasko. Kakarmu tana mita wai kare ya fi ta daraja. Da za a zana wannan a katun ba a bukatar na'urar magana a wuya.

Mai Zane:
Jikan Mafarauci, abin da ka faɗa a ƙarshe shi ne sirrin sana'ar. Mu masu zane mun san tsoho da kare abu ne mai daɗin motsawa don dukansu ba sa buƙatar surutu. Tsoho motsinsa kaɗan ne, a hankali, sai ka ɗora labarin a kan kunne da jela da girar kare. Dubi Gromit na Nick Park, wanda kamfanin Aardman na Bristol ke yi da yumɓun roba, ana motsa shi kaɗan a ɗauki hoto, a sake motsawa a ɗauka. Ko baki ba a yi masa ba. Da gira kawai yake nuna maka ya gaji da shirmen ubangidansa Wallace, kuma da wannan girar suka ci Oscar a The Wrong Trousers na 1993 da A Close Shave na 1995. Ko da yake Wallace ba tsoho ne tukuf ba, magidanci ne mai sanƙo. A Up kuma ku duba siffa: Carl murabba'i aka zana shi, kai mai kusurwa huɗu, tabarau mai kusurwa huɗu, har kujerarsa. Ellie da Russell da Dug duk masu zagaye ne. Da gangan ne. Tun kafin a yi magana idonka ya gaya maka wa ya ƙage, wa zai sassauta shi.

'Yar Maraɗi:
Sannunku. Tunda an zo ga marasa magana, ku nemi wani na Faransa, Les Triplettes de Belleville, na Sylvain Chomet, 2003. Mu nan ta tashoshin Faransa muka gane shi. Kusan babu magana daga farko har ƙarshe. Tsohuwa Madam Souza, gajera, ƙafa guda ta fi guda tsawo sai ta sa takalmi mai tudu, tana riƙon jikanta maraya. Ta ga yaron kullum shiru, ta kawo mishi kwikwiyo, Bruno, ko zai saki rai. Bai saki ba sai da ta saya mishi keke. Yaro ya girma ya zama ɗan tseren keke har ya shiga Tour de France, ita ke horar da shi da usur a baki. Kare kuwa ya tsufa ya yi ƙiba, ƙafafu sirara ciki kamar zai taɓa ƙasa, aikinshi guda: ya san lokacin wucewar jirgin ƙasa, ya hau bene da kyar ya yi mishi haushi ta taga, saboda tun yana ƙarami jirgin wasan yara ya take mishi wutsiya. Abincinshi ma ragowar na jikan ne, yana zaune yana kallon sikeli yana jiran yaro ya kai nauyin da aka ƙayyade a ba shi saura. To da 'yan daba suka sace jikan aka sa shi cikin jirgin ruwa, wa ya rage ma tsohuwa? Wannan karen da ba don ita aka kawo shi ba. Shi ke shinshina hanya, ita ke tuƙa ɗan kwalekwalen nan na feda, suka ratsa teku. Ba runguma, ba kuka, ba ina son ki. Bruno ma rabin abin da yake yi don ciki yake yi. Ni wannan ya fi kama min da gaskiya bisa ga Dug.

Ɗan Zazzau:
Yauwa 'Yar Maraɗi! Kin ga wannan na yarda da shi tun ban gani ba. Kare mai kwaɗayi da tsohuwa mai taurin kai, kowa da lalurarsa, zama ya haɗa su. Abin da ya dame ni da Dug shi ne ba shi da aibi ko ɗaya sai wauta.

Mai Zane:
Yana da shi mana. Aikin da aka aiko shi ya yi fa shi ne kama Kevin, kuma ta dalilinsa garken suka gano inda suke. Sai da ya zaɓa tsakanin tsohon ubangida da sabo. Sannan ka tuna na'urar wuyan tunanin kare take fassarawa, shi ya sa maganarsa take haka, gajeriya, ba lissafi, ƙwallo da kurege na iya raba masa hankali a tsakiyar jimla. Bob Peterson, wanda ya taya Pete Docter ba da umarni, shi ya yi muryarsa. Ba su zana mutum a fatar kare ba, kare suka zana aka ba shi lasifika. Har ƙwallayen tanis huɗu da ke ƙasan sandar Carl, waɗanda aka sa don kada sanda ta zame, su suka zama makami da ya cire ɗaya ya jefa garken suka bi ta da gudu.

Nas Mai Allura:
Ku yi haƙuri in ɗan karkata. Tunda ana maganar yara da sha'awar kare, a sani karen katun ba ya cizo, na layi yana yi. Ciwon haukan kare yana kashe kimanin mutum 59,000 a duniya duk shekara a ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya, akasari a Afirka da Asiya, kuma da yawansu yara ne. In kare ya ciji mutum ko ya yaƙushe shi a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a garzaya asibiti a fara allura, kada a tsaya neman gashin karen a ƙona. Da zarar alamomi sun bayyana, sai dai haƙuri. Masu karnuka kuma a yi musu rigakafi, cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar.

Bazamfare:
Nas ko gidan biki kika je sai kin yi wa'azin allura. Amma gaskiya ce, mun gode.

Otaku na Kano:
Kun manta da Japan. A Howl's Moving Castle na Hayao Miyazaki, 2004, Sophie budurwa ce 'yar 18 da mayya ta mayar tsohuwa 'yar 90. Akwai wurin da za ta hau doguwar matakalar fadar sarki, sai ga wani tsohon kare mai gajerun ƙafafu, Heen, da ko haushi ba ya iya yi sai tari mai kama da na mai asma. Ya kasa hawa. Ita da ƙugunta ke ciwo ta koma ta sungume shi tana haki tana mita wai me ya sa yake da nauyi haka, don tana zaton Howl, matsafin da fim ɗin ya ci sunansa, shi ne ya rikiɗa. Ashe ɗan leƙen asirin Madam Suliman ne, matsafiyar fadar sarki. Abin dariyar, daga baya aka ga ashe yana iya tashi sama da kunnuwansa, ya bari tsohuwa ta yi ta dakonsa. Amma ku duba abin da 'Yar Kurmi ta ce: a matakalar nan Sophie da ke ɗauke da kaya ta riga mayyar da ba ta ɗauke da komai isa sama.

'Yar Kurmi a Ingila:
Ban ga wannan ba amma zan nema. Ga masu son Carl da Dug kuma, an ci gaba da labarinsu a Dug Days, gajeru guda 5 da Disney+ ta saki ranar 1 ga Satumba 2021. Sun koma wani ɗan gida mai fili a baya, ba dodo ba daji, sai kurege da tsuntsaye da 'yan kwikwiyon maƙwabta. Ed Asner da ya yi muryar Carl ya mutu ranar 29 ga Agusta 2021 yana da shekara 91, kwana uku kafin a sake su. Sai na ƙarshe, Carl's Date, da aka nuna a 2023 da muryar da ya riga ya naɗa, inda wata mata ta gayyaci Carl fita, ya rikice har da rina gashi baƙi, kare ne ke ba shi shawarar yadda ake yin sabon aboki.

Hajiya Babba:
Tsoho da rinin gashi zai je zance, kare ne ɗan rakiya. Allah Ya kyauta. Nan ma akwai su, sai dai su abokin tsufa suke ja.

Ɗan Zazzau:
Hajiya kin gama da mu. Ni dai har yanzu ina kan bakana a kan Dug, ya cika zaƙi. Bruno da Duna sun fi shiga raina. Mai Zane, in kun tashi yin namu, ku bar na'urar wuya, ku zana zaure da kasko.

Mai Zane:
Kawo kuɗin, Alhaji. Minti ɗaya na katun mai kyau hoto 1,440 ne in za a bi 24 a daƙiƙa, ga wuta ga kwamfuta. Labari ba shi ne ya hana mu ba.

Maman Khalifa:
To tunda an jero su da yawa, wanne zan fara nemo wa yara hutun nan? Babban shekararsa 9, ƙaramar 5.

'Yar Maraɗi:
Maman Khalifa, fara da Dug Days da Gromit, babu abin da zai dame ki. Na Belleville ki kalla ke ɗaya tukuna, akwai wata rawa can farko da shigar ba ta dace da yara ba, kuma wasu tsofaffin mata ukku da ke cikin fim ɗin kwaɗi suke ci safe da dare, ƙaramar na iya ƙin miyarki.

Bazamfare:
Courage ko kada ki kunna musu bayan magariba, in ba ki shirya raka su bayi ba.